In ruwa ya ci unguwa a Jos: yadda ake haɗa agajin gaggawa kafin motar gwamnati ta iso

Ambaliyar Jos ba irin ta Lokoja ko Makurɗi bace, inda kogi ke tasowa a hankali kwana da kwanaki har mutum ya samu ya kwashe 'yan komatsansa. Mu a kan dutse muke zaune, ƙasar bata shan ruwa sosai, in aka tafka shi kamar da bakin ƙwarya na awa biyu ko uku to duk gangarowa yake cikin Dilimi da ƙananan rafukan cikin gari, rafukan nan kuwa mun toshe su da bola mun matse su da gini. Haka akayi a watan Yulin 2012, farkon azumi, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, sama da mutum 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu, gidaje masu yawa suka rushe. A shekarar ne dai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce a faɗin ƙasa mutum 363 ambaliya ta kashe, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Daga baya ga ambaliyar 2022, ga Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ga Mokwa a Mayun 2025. Abin dai baya ƙarewa.

NEMA na nan, SEMA ta jiha na nan, Red Cross na nan, kuma suna zuwa. Amma kafin a je a duba ɓarna a rubuta rahoto a sa hannu a buɗe sito a loda mota, kwana biyu ko uku sun wuce, kuma a kwanakin nan mutanen unguwa ne kawai ke riƙe da juna. Tausayi kam muna da shi, ba a fi mu ba, tsari ne ke bamu wahala. To ga yadda ake yinsa.

Daren da abin ya faru ba maganar shinkafa ake ba, maganar rai ake. Wani ya kira 112, wani ya kira 'yan kwana-kwana, wani ya nemi a kashe wuta daga taransifoma saboda waya a cikin ruwa tana kashe wanda yazo ceto kafin ma ya kai ga wanda zai ceta. Kar samari su faɗa ruwa mai gudu da sunan jarumta, ruwan da ya ɗan wuce idon sawu, kamar santimita 15, in yana da ƙarfi yana kada babban mutum, wanda ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle keke. A jefa igiya, a miƙa gora, a jefa jarka mara komai da murfinta a rufe ya rungume. Wanda aka ciro baya numfashi kar a tsaya juya shi ana matse masa ciki wai ruwa ya fito, a kwantar da shi rigingine a hura masa iska a baki a danna ƙirji, 'yan agajin Izala da na JNI da Fityanu da 'yan Red Cross da yawansu sun koyi wannan, ku san lambar biyu ko uku daga cikinsu tun yanzu. Sannan a cire wa kowa jiƙaƙƙun kaya musamman yara da tsofaffi, sanyin Jos da damina ba wasa bane. Amma dan Allah kar a kunna gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, hayaƙin da ba a gani ne ke kashe mutane cikin barci.

Kowane gida a ƙirga kai, wa ke nan wa babu. Kuma duk mai ginin ƙasa da ruwa ya shiga kar ya koma ya kwana ciki don ruwa ya janye, katangar da ta jiƙa washegari ko jibi take faɗuwa.

Masauki yawanci makarantar firamare ce ko Islamiyya ko harabar masallaci ko coci, duk wanda ke kan tudu. Mata da yara ajinsu daban, maza daban. A kafa kwamitin agaji na unguwa, kar ya wuce mutum bakwai zuwa tara, mai unguwa, liman, fasto in unguwar a gauraye take, wakilin matasa, wani ma'aikacin lafiya ko da nas ce mai ritaya, da mata aƙalla biyu waɗanda bakinsu ke buɗewa a gaban maza, ba waɗanda za a sa don cike gurbi ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya sosai, wato rubuta sunaye. A ganina duk agajin da ya lalace daga lis ya fara lalacewa. Ku sayi littafi mai kauri da biro tun safiyar farko, kafin buhu ko ɗaya ya shigo, saboda da zarar an ga mota ta tsaya da kaya to mutanen da ruwa bai taɓa ko takalminsu ba zasu fito daga wasu unguwanni, gida 80 ya koma 300, ƙarshe masu ƙarfi su kwashe a bar gwauruwa da marayu da mudu ɗaya. Kuma ba a zaune a masauki ake rubutawa ba, ƙafa da ƙafa ake bi gida-gida tare da wanda ya san unguwar.

Kar ku ƙirga da ƙofar gida, ku ƙirga da tukunya. Gidajenmu na Gangare da Rikkos zaka ga zaure ɗaya amma ɗakuna goma na haya ne a ciki, in aka rubuta sunan mai gida kawai shi zai karɓa, wataƙila ma ba a unguwar yake kwana ba, 'yan hayan da katifarsu da buhun masararsu suka tafi su tashi a tutar babu. Zaka ji mata a bayan layi da goyo tana cewa "Malam ni fa ba a rubuta ni ba, ɗakin ƙarshe nake a gidan Alhaji," kuma gaskiya take faɗa. Haka mai mata biyu ko uku, kowace da ɗakinta da 'ya'yanta, a rubuta kowace daban in ana son zaman lafiya. Tsangaya ma a rubuta malam da adadin almajiransa. Sai waɗanda basu zo masauki ba sam, suka rarrabu gidajen 'yan uwa a Bauchi Road ko Bukur ko Nasarawa saboda kunya, su ne aka fi mantawa, kuma gidan da ya karɓe su shima yana cikin matsi, mutum shida sun zama sha huɗu a tukunya ɗaya.

A gaban kowane suna a sa yawan mutane, yara 'yan ƙasa da shekara 5 nawa, akwai mai ciki ko mai shayarwa, akwai tsoho ko naƙasasshe, akwai mai shan magani kullum, lambar waya, sannan irin ɓarnar: gida ya rushe gaba ɗaya, ko ɗaki ɗaya, ko kaya kawai ruwa ya ci. In an gama a karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a bayan la'asar, duk wanda aka tsallake yayi magana, duk sunan bogi maƙwabta su zasu tona shi. A ɗauki hoton kowane shafi a waya. Wannan littafin ne zaku miƙa wa kansila da ƙaramar hukuma da SEMA da duk ƙungiyar da tazo, kuma unguwar da ta zo da lis tsaf an fi saurin sauraronta akan wadda tazo da ihu.

Bayan lis sai ruwan sha, kuma shi yafi abinci gaggawa. Yawancinmu rijiya muke sha, ambaliya kuwa in tazo shadda da sokawe da kwata duk haɗe su take da rijiya, ruwan zai iya komawa garau a ido amma kwalara na ciki. A rufe duk rijiyar da ruwa ya hau kanta, a sa alama. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi a duniya shine lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka, kaga gida mai mutum 8 lita 120 kenan, kusan jarka biyar irin rawayar nan mai lita 25. Fiya wata yana taimakawa ranar farko amma ba zai riƙe ba, gara kuɗin farko da ya shigo a ɗauko tanka ko a yi yarjejeniya da mai bohol a kan tudu da 'yan garuwa, a aro tankin roba a ajiye a masauki. In dole sai an sha wanda ba a yarda da shi ba a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko a sa Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki a jira minti 30. In ruwan ya yi dauɗa a fara sa alif ya kwanta a tace da tsaftataccen ƙyalle tukuna, maganin baya aiki sosai a gurɓataccen ruwa.

Ban ɗaki kuma ba wanda ke son kawo gudummawarsa saboda ba a ɗaukar hoto da shi. Makaranta mai masai biyu a zuba mata mutum 400, kwana uku bayan aji ya zama wani abu daban. Abin da ake so masai ɗaya ga mutum 20, in ba hali a farko ko ɗaya ga 50 ne a fara, a haƙa rami nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a kewaye da buhu ko tamfol, na mata daban da fitila, domin yarinya ba zata fita cikin duhu ba, kuma kar ta fita ɗin. Bokiti da sabulu a bakin kowanne. Duk wanda ya fara gudawa, balle irin mai kama da ruwan shinkafa, a fara bashi ORS, wato ruwan gishiri da suga, nan take a nufi asibiti, in babu na leda a haɗa: lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe ba tozo ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da zinc na kwana 10 zuwa 14. Kar a tsaya jiƙe-jiƙe, kwalara cikin awoyi take kai mutum.

Abinci bana jin sai na koya wa kowa, amma akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi, a kawo wa wanda ba murhu ba tukunya ba busasshen ice ɗanyar shinkafa. Kwana biyun farko dafaffe ake so, koko ko kunu ko shayi da burodi da safe, shinkafa da wake da rana, matan unguwannin da ruwa bai taɓa ba su karɓi girki bi da bi. Daga nan sai a koma tsaba, masara, wake, shinkafa, manja, gishiri, magi, tare da tukunya da gawayi. Masu sayo kaya su shiga Katako da Farin Gada da kansu su yi sari, yafi arha, kuma 'yan kasuwa in sun ji na agaji ne sukan yi ragi ko su ɗora nasu. Madarar gwangwani ta jarirai kuma kar a raba ta barkatai, haɗa ta da ruwa mara kyau a fida mara wanki shine ke jawo wa jariri gudawa, uwar za a ciyar sosai ta cigaba da bada nono.

Abubuwan da ake mantawa su ne bargo da tabarma da gidan sauro, buta, bokiti, sabulun wanka da na wanki, tocila, famfas, silifas, wajen cajin waya. Sai audugar mata da zani da hijabi da ɗan kamfai sabo, wannan matan kwamiti zasu raba a cikin aji ba a fili ba, ba macen da zata ɗaga hannu gaban mai unguwa tace tana buƙata. Masu kawo tsofaffin kaya Allah ya saka, amma a wanke a ware na yara daban na mata daban, kuma wanda kai ba zaka iya sawa ba saboda yagewa kar ka kawo, aiki kake ƙarawa mutane.

Masu hawan jini da suga da sikila da farfaɗiya da tarin fuka da masu karɓar maganin HIV, magungunansu ruwa ya tafi da su kuma wasu ba zasu faɗa a fili ba. Ma'aikacin lafiyan kwamiti ya bi su a keɓe, a kai su asibitin da suke karɓa a sake basu, kar a bari kwanaki su wuce. Mai ciki da watanta ya tsaya a san wace keke ko mota zata ɗauke ta ko ƙarfe biyun dare ne. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka a cikin laka a wanke da sabulu a je a yi allurar tetanus.

Toh sai maganar kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. Kar a tara a akawun ɗin mutum ɗaya komai amanarsa, ba don zai ci ba, don bakin mutane. A yi amfani da asusun masallaci ko coci ko ƙungiyar unguwa mai sa hannun mutum biyu ko uku, kullum da dare a tura a guruf ɗin WhatsApp: yau nawa ya shigo, nawa aka kashe, ga hoton risit. Masu bayarwa daga Abuja ko Kano ko waje in suna ganin haka ƙarawa suke. Ku ma masu turawa, kafin ka tura wa lambar da ka gani a Facebook ƙarƙashin hoton gidan da ya rushe kira wani da ka sani a unguwar, akwai masu ɗauko hoton Maiduguri su ce Jos ne.

Kuma ni ra'ayina bayan kwana uku ko huɗu kuɗi a hannu yafi kaya. Kasuwannin Jos ba rufewa suke don Rikkos ta cika ba, komai na nan, kowa kuma ya fi ka sanin matsalarsa, wani magani ne, wani kwano biyu da ƙusa, wata jarin ƙosanta ne ya tafi da kaskon duka. In ka bata taliya katan ɗaya sayarwa zata yi da asara ta sayi kasko. Masu cewa ai zasu ɓarnatar, to a bada ta hannun uwar gida, da wuya kuɗin abinci ya ɓata a hannun mai girki.

Ranar rabo kar a tara kowa lokaci ɗaya, turmutsutsu yana kashe mutane, mun gani a wurare da dama a ƙasar nan. A yanka kwali a rubuta lamba da sa hannu a raba tun dare, gida 1 zuwa 30 ƙarfe tara, 31 zuwa 60 ƙarfe goma, ƙofar shiga daban ta fita daban, kayan a ƙulle su kashi-kashi tun kafin a buɗe. Tsofaffi da masu ciki da naƙasassu a kai musu inda suke. A faɗa wa kowa a fili abin da ke cikin kaso ɗaya, kuma a faɗa da babbar murya cewa kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi yarinya da wata magana kafin ya sa sunanta ga wadda za a kai wa ƙara. Yana faruwa, rufe-rufe ne ke sa ya cigaba. Hoto kuma a ɗauki gini da kaya da risit, fuskar dattijon da jiya shi ke ciyar da wasu yau yana miƙa hannu ba ta sakawa a Facebook bace. Ɗan siyasa in ya kawo a karɓa a gode, amma kayansa su bi lis ɗin nan, ba lis ɗin 'yan jam'iyya ba.

Bayan ambaliya akwai wani bala'in da ke buƙatar irin wannan agajin, wato girgizar ƙasa, amma ba zan ja ta ba tunda irin ta Turkiyya da Siriya ta Fabrairun 2023 da ta kashe sama da mutum 50,000 bamu santa a nan ba. Amma ƙananan motsi anyi, Kwoi a kudancin Kaduna a 2016, Mpape a Abuja a Satumban 2018 da kuma 2024, kuma nan kusa da mu a Toro akwai cibiyar gwamnati da ke auna motsin ƙasa. In kaji ƙasa na rawa kana ɗaki ka duƙa ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kai, in ta lafa ka fita fili nesa da katanga da falwaya, kar a koma ginin da ya tsage don takan maimaita. Abin da yafi shafarmu shine aikin ɓaraguzai, wanda Jos ta gani a Yulin 2024 da benen makaranta ya rufta a Busa Buji mutum 22 suka rasu. A irin wannan 'yan kallo su ja baya kar su hau kan tarin, a riƙa yin tsit lokaci-lokaci ana kira ana sauraron ƙwanƙwasa, kar a sa katafila inda ake jin murya, wanda aka ciro yana kukan wuya ko baya a ɗora shi kan ƙyaure ko katako a miƙe, ba a naɗe shi cikin keke ba. Masu son taimakawa da basu iya tono ba su wuce asibitin JUTH ko na Plateau Specialist su bada jini.

Sati biyu bayan ambaliya masu kamara sun tafi, hedimasta yana son ajinsa, alat ya daina shigowa, a lokacin ne ma wahalar ke farawa, shi yasa tun farko kwamiti ya ɓoye kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kar a cinye shi a shinkafa. Da shi za a biya wa wasu hayar wata biyu ko uku, a sayi kwano da siminti, a mayar da yara makaranta da yunifom da littafi. Masu komawa gida su kwashe laka da takalmin roba, a wanke ƙasa da bango da Hypo, a bincika lungu da sanda saboda macizai, mai gyaran wuta ya duba waya kafin a kunna komai. Rijiya a kwashe ruwanta kaf a yashe a sa sinadarin kulorin, ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma sun san awon. Takardun da suka tafi, na gida ko na makaranta, a fara da rahoton 'yan sanda da afidabit a kotu, a sa matasa biyu masu wayo su tara na kowa su bi tare, NIN da BVN kam lambobin na nan ko katin ya ɓata.

Wanda gidansa ke bakin rafi sosai kar a bashi siminti ya sake ɗorawa a wajen, a taimaka masa da haya a tudu ko da zai ji haushi. Hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwa NIHSA duk shekara kafin damina suna fitar da hasashen ruwa da wuraren da ke cikin haɗari, wani a kwamiti ya riƙa bibiya yana turawa guruf, a yashe kwalbati tun watan Afrilu, littafin sunayen nan kuma a ajiye shi wajen mai unguwa a leda, ana gyara shi duk sanda 'yan haya suka canza.